Ban Taɓa Zare Wayar Nan Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, har jikoki sun fara maimaita ta a gabana, wai a shekarar da aka kawo akwatin gem ni ce nake lallaɓawa bayan talabijin in zare wayar intanet don wasan babanku ya tsinke. Babanku ne ya ƙirƙiro ta da sunan wasa, 'yar'uwarku Bilki kuma ta ɗauka ta ƙara mata gishiri ta kai wa ƙawayenta na jami'a a Kongo. Tunda Allah ya ara mini rai har na zauna rubuta wannan tarihi, to bari in gyara muku. Ban taɓa zare wayar nan ba. Kishi kam na yi, kishi mai zafi, kuma babanku na yi wa shi, amma hannuna bai ɓata komai ba. Gyara ma na yi, kuma gyaran ne ya cuce ni.

Kun san yayanku shi ne ɗana na fari. Ku 'yan yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban surukai, ku ɗauki hoto ku baza wa duniya, ku kira sunansa da ƙarfi daga tsakar gida. Mu ba haka aka tashe mu ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a wannan takarda ma ba za ku gan shi ba. Da aka yaye shi kakarku ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa cikin birni, a can ya girma. In ya zo mana hutu Tudun Wada sai ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya. Na yi aikin koyarwa a firamare har na yi ritaya, na kira sunayen 'ya'yan mutane har muryata ta dushe, nawa guda ɗaya ban kira ba. Ba wanda ya tilasta mini, kunya ce, kuma ina alfahari da ita. Abin da ya riƙa sanyaya mini rai shi ne ba ni kaɗai ba ce. Babanku ma haka yake da shi. Gaisuwa, sa albarka, shi ke nan. Da yayanku ya samu aikin asibiti a Ingila ya tafi, kowace Juma'a yakan bugo waya, ya gaida babanku, a miƙo mini.

"Ina wuni, Inna?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya sanyi?"

"Da sauƙi."

"To, Allah ya yi albarka."

Rabona ke nan, rabon babanku ma ke nan, ba wanda ya fi wani. A haka muka zauna lafiya har akwatin nan ya shigo.

Don ƙannensa ya aiko shi, ta hannun wani abokinsa da ya zo gida. Baƙin akwati ne da ake jona wa talabijin, da abin riƙewa mai maɓallai, da abin sa wa kunne mai ɗan bakin magana. Aka kuma sayo wani ƙaramin farin akwati mai fitilu, shi ne mai kawo intanet. In an haɗa su, mutum yana zaune a falonmu zai buga ƙwallo da wanda ke wata ƙasa, suna magana kamar suna kan tabarma ɗaya. To samarin gidan duk sun watse, wannan yana bautar ƙasa, wancan yana Kaduna, Bilki kuma karatun lauya ya sha mata kai. Babanku ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, kuma tun yana saurayi mayen ƙwallo ne. Ya fara da leƙe, ya koma "ba ni in gwada", kafin damina ta faɗi ya zama kowace Asabar bayan la'asar sai ya cire hula ya ajiye, ya ɗora abin kunnen nan a kan furfurarsa, ya buga da yayanku har a kira magariba.

Da farko dariya abin ya ba ni, dattijo yana karkata jiki yana bin ƙwallon da ba ta san yana yi ba. Dariyar ba ta daɗe ba. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa sai in riƙa jin rabin hira ta taga. Muryar yayanku tana cikin kunnen babanku, ni tasa kawai nake ji. In ji ya ƙyalƙyale da dariya irin wadda rabon da ya yi mini ita har na manta. In ji ya ce, "To kai me ka ce wa shugaban naku?" In ji ya ce, "A'a, kada ka riƙa kwana da yunwa." Wato har ya san yaron yana kwana da yunwa, ni ban sani ba. Wata Asabar kuma na ji ya rage murya ya ce, "Ita yarinyar 'yar wane gida ce?" Na ajiye faranti. Ɗana yana neman aure, ni kuwa ta taga na ji, rabi-rabi, kamar mai satar jin zancen maƙwabta. Da babanku ya idar da magariba na tare shi.

"Malam, yanzu kai ko kunya ba ka ji? Ɗan fari ne fa."

"Me na yi?"

"Wannan doguwar hira da kuke zubawa."

"Wa ya ce miki hira muke? Ƙwallo muke bugawa."

Ya faɗa yana gyara hula, ko a jikinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiyarsa. Bai karya kunya ba, hanya ya samu ya zagaye ta. Idonsu yana kan ƙwallo, bakinsu yana abin da ya ga dama. Ni kuwa ba ni da ƙwallo. Mutumin da muka yi shekaru muna tsaye a layi ɗaya ya tsallake ya bar ni, kuma kowace Asabar sai na dafa masa shayi na kai masa inda yake cin rabona.

Ranar da wasan ya fara tsinkewa, hadari ne ya haɗo ta gabas. Ina wanke-wanke na ji babanku yana ta "Salamu alaikum, kana ji na?" Allon talabijin ya tsaya cak, wani rubutu ya fito. Sai wayarsa ta yi ƙara, yayanku ne. Ya ce a duba fitilun farin akwati. Akwatin yana ƙasa a bayan talabijin, babanku kuwa gwiwa ba ta barinsa durƙuso, idonsa ma ba ya rabe kore da ja in abu ya yi ƙanƙanta. Bilki tana makaranta. Babanku ya waiwaya ya gan ni a bakin ƙofa, ya miƙo mini wayar kamar mai ba da aron abin da yake tsoron a ɓata.

"Inna, don Allah ki duba mini, fitila nawa ce a kunne?"

"Uku. Ɗaya tana ƙyaftawa."

"Wace kala ce mai ƙyaftawar?"

"Ja."

"Yawwa. Ki kashe shi ta bango, mu ɗan jira, sannan ki kunna."

Na kashe. Aka ce a jira, to jira ya zama dole, kuma ba mai ajiye waya a tsakiyar gyara. Ina durƙushe a bayan talabijin cikin ƙura da yanar gizo-gizo, ina jin numfashinsa. Can ya ce yana jin kamar ana ruwa. Na ce yanzu aka fara yayyafi. Ya tambaya ko har yanzu rufin kicin yana zuba ta kusurwar nan. Na ce an gyara bara. Ya ce me aka dafa yau. Na ce dambu. Ya ce, "Kai, dambu." Na kunna akwatin, fitilu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, jar ta koma kore, babanku ya karɓe wayarsa ya mayar da abin kunne. Na koma kicin na tarar ruwan wanke-wanke ya cika da na sama, na tsaya ina kallonsa. Tunda na haife shi ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da shi ba, kuma ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Gyara muke yi.

Daminar nan ta yi mini rana. Sabis a Tudun Wada kun san halinsa in an yi ruwa. Wani lokaci data ce ta ƙare ba a lura ba, wani lokaci soket ɗin bango ne ya saki, wani lokaci wuta ta ɗauke batirin sola bai cika ba. Duk sanda wasan ya tsinke, waya za ta yi ƙara, babanku zai miƙo mini yana tsaki. Yayanku yana bi da ni daki-daki, ni kuma ina amsawa a hankali, ba na gaggawa. A cikin jiran akwati ya huce na ji sunan unguwar da yake zaune, na ji cewa maƙwabcinsa wani tsoho ne mai kare, na ji cewa yajin da nake aikawa da sunan Bilki a kan burodi ma yake barbaɗa shi. Ban zare waya ba, na sake faɗa muku. Amma in Asabar ta zo na ga gabas ta yi baƙi, ba na baƙin ciki. Har shanya nake kwashewa ina 'yar waƙa.

Bakin babanku ne ya jawo abin da ya biyo baya, da kuma girman kaina na malamar makaranta. Wata rana na danna maɓallin da ba shi ba, komai ya mutu, yayanku ya yi ta maimaita mini abu ɗaya cikin haƙuri. Babanku yana kan kujera yana kaɗa ƙafa ya ce, da ƙarfi yadda za a ji a Ingila, "Yau malama an koma aji ɗaya." Na ji yayanku ya danne dariya. A gaban kowa zan iya zama jahila, ban da gaban yaron nan. Da Bilki ta dawo na zaunar da ita na ce ta koya mini abin nan daga tushe.

Ta koya mini, kuma ba wuya gare shi. Ta ce kafin a taɓa komai a fara sanin ko ciwon na gida ne ko na gari. In wayar hannu tana buɗe intanet ta akwatin gida, to ba laifin farin akwati ba ne. In ba ta buɗewa, a duba fitilu, a duba data, a taɓa wayoyin baya a ji ko wata ta saki, a kashe a kunna. In duk wannan lafiya amma wasa ya ƙi shiga, sai a buɗe shafin kamfanin gem ɗin, inda suke nuna halin da injinansu ke ciki, kore lafiya, ja matsala. Ta sa mini shafin a wayata. Ta kuma ba ni lambar wata ƙawarta a Hanwa da ƙannenta ke wasan, in tambaye su ko su ma ya ɗauke musu. In ya ɗauke wa kowa, ta ce, to daga can ne, ko injiniyan duniya aka kira sai dai ya zauna ya jira. Na haddace kamar karatun allo.

Asabar ta gaba wasan ya tsinke. Kafin babanku ya lalubo wayarsa na riga na durƙusa, na ga wayar baya ce ta saki, na tura ta, fitila ta koma kore. Na miƙe ina karkaɗe zane, ina jiran a yaba. Babanku ya mayar da abin kunne yana dariya.

"Ai innarka ta zama injiniya. Kafin in ce me, ta gyara."

Ya saurara, sannan ya juyo.

"Ya ce a ce miki sannu da ƙoƙari."

A ce mini. Nan take na gane abin da na yi wa kaina. Daga ranar waya ba ta ƙara yin ƙara don gyara ba. Me zai sa ya bugo, tunda akwai injiniya a gida? In ya tsinke, yayanku yakan jira a can, babanku ya ƙwala mini kira, in zo in gyara musu hanya su ci gaba da hirarsu, in koma tsakar gida in ci gaba da jin rabi. Na yi tunanin in yi kamar na manta. Sau da yawa ina durƙushe, na ga inda matsalar take, zuciyata tana ce mini ki ce ba ki gane ba, yanzu zai bugo. Ban iya ba. Ban saba ƙarya ba, kuma ba zan koma aji ɗaya da gangan ba bayan an ce na iya. Ina gyarawa raina yana tafasa.

A watannin nan aka yi maganar aurensa kaf a cikin abin kunnen. A nan aka san iyayen yarinyar, mutanen kirki ne 'yan Dutsen Abba, a nan aka tsayar da wanda zai je tambaya, a nan aka zaɓi wata. Babanku yakan kawo mini labari bayan magariba, gutsure-gutsure, abin da ya tuna. In tambaye shi yaya muryar yaron take da ya faɗi kaza, ya ce shi bai lura ba, lokacin ana neman cin sa. Na zama mai faɗa. Na ce wasan yana shanye batirin da firijina ke buƙata, zoɓona yana lalacewa. Na ce falon ya koma gidan kallo. Na daina kai shayi. A cikin wannan hali ne wata rana wasan ya tsinke, babanku ya leƙo bayan talabijin ya same ni riƙe da waya a hannu, fuskata a murtuke. Tura ta nake shirin yi, ɓera ne ya ja ta. Shi kuwa ya ce, "Au, ashe ke ce." Asalin maganar da kuke yaɗawa ke nan. Ban tanka masa ba, don in na buɗe baki a ranar abin da zai fito ya fi zare waya muni.

Bayan ruwa ya ɗauke, wata Asabar, wasan ya ƙi shiga tun daga farko. Na bi komai yadda aka koya mini. Wayata tana buɗe intanet, fitilu duk kore, data tana nan, ba abin da ya saki. Na kashe na kunna, shiru. Na buɗe shafin kamfanin na ga ja daga sama har ƙasa. Na bugo Hanwa, suka ce su ma tun azahar suke fama. Na gaya wa babanku daga can ne. Ya yi tsaki, ya zauna yana hararar allon, da ya gaji ya ɗauki hularsa ya ce bari ya je ya yi wa wani abokinsa barka da dawowa daga Umara. Ya bar talabijin a kunne, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Ina shirin kashewa sai waya ta yi ƙara. Tawa, ba tasa ba.

"Inna, ku ma ya ɗauke muku?"

"Ya ɗauke. Ba daga nan ba ne. Fitilu lafiya, data lafiya, na kashe na kunna. Shafinsu ja ne, Hanwa ma babu."

Ya yi dariya. "To ai ba ki bar mini abin tambaya ba."

"Sai jira."

"Sai jira. Baba fa?"

"Ya fita."

Na san abin da ke biye, a gaishe shi in ya dawo, Allah ya yi albarka. Har na buɗe baki zan sa albarkar. Sai ya ce, da wata murya kamar ta mai neman alfarma a ofis, ko zan zauna kusa da allon in riƙa duba masa, in ya dawo in gaya masa. Na ce to. Na zauna a hannun kujerar babanku, idona a kan zoben nan mai juyawa, don aikin da aka sa ni ke nan.

Ya fara da yarinyar. Ya ce tana da haƙuri amma in ta ƙi abu ta ƙi, wai shi ya sa ya ga za mu shirya. Na ce to. Ya ce akwai ranakun da yake dawowa daga aiki ya zauna bai cire takalmi ba har gari ya yi duhu, ba ya gaya wa babanku don kada ya ɗaga masa hankali a tsakiyar wasa. Na ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce yajin nan ya san ba Bilki ke dakawa ba, Bilki ko barkono ba ta iya gyarawa. Sannan ya ce yana tuna lokacin da ƙyanda ta kama shi a gidan kaka, na zo daga Tudun Wada a ƙafa, na zauna a bakin ƙofar ɗakin ban shiga ba, na wuni a nan ina cewa na zo gaida tsohuwa ne. Ya ce ba barci yake ba, rufe ido ya yi don kada in ji kunya in tashi.

Ban san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba, ba a koya mini ba. Na riƙe wayar da hannu biyu. Ina cikin haka zoben ya tsaya, allon ya washe, filin ƙwallo ya fito kore shar. Ya dawo. Yayanku yana ta magana bai sani ba, a zatona. Babanku ba ya nan, Bilki ba ta nan, ba mai gani sai Allah. In na yi shiru zan samu abin da babanku ke samu kowace Asabar, ko sau ɗaya. Na kalli allon, na kalli ƙofa. An ce in ya dawo in faɗa, kuma na ce to.

"Ya dawo," na ce.

"Na gani tun ɗazu, Inna. Nawa ya riga naku dawowa." Sannan ya ce, "Ina muka tsaya?"

Na sauko daga hannun kujerar na zauna a cikinta sosai, na jingina inda babanku ke jingina. 'Yan ƙwallon suna tsaye a fili suna jira, ba wanda ya taɓa su har aka kira magariba.